Fitilar LED Mai Araha Don Tankin Murjani: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya shiga kiwon murjani a tankin ruwan gishiri, a kan fitila yakan fara yin tagumi. Ya sayi tanki, ya sayi duwatsu da famfo da gishiri, sai ya tarar fitila guda daga manyan kamfanoni tana neman cinye abin da ya kashe a kan sauran kayan gaba ɗaya. A gefe kuma ga wasu fitilun birjik, masu sauƙin kuɗi, kowacce da alkawarin da aka rubuta a jikin kwalinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa a kan irin waɗannan fitilun.

Murjani ba dabba ba ne? Me ya haɗa shi da haske har haka?

Dabba ne, amma dabbar da ke da gona a cikin jikinta. A cikin naman yawancin murjanin da ake kiwo akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, masana na kiran su zuzanteli. Su ne ke karɓar haske su haɗa sukari, su miƙa wa murjanin kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba su masauki da abin da jikinsa ke fitarwa, wanda a wurinsu taki ne. Saboda haka idan ka kunna fitila a kan tanki, ba ado kawai kake yi ba, ciyarwa kake yi.

Akwai waɗanda ba sa cikin wannan lissafi, irin su Tubastraea, wanda ba shi da zuzanteli kwata-kwata, sai dai a riƙa ba shi abinci a baki. Ba da irinsa muke ba a nan.

Fitila mai araha za ta iya rayar da murjani da gaske, ko dai araha ba ta ado?

Za ta iya. Murjani bai san farashi ba, bai kuma iya karanta sunan kamfani ba. Abin da ya sani shi ne yawan hasken da ke iso masa, da launinsa, da ko yau ya yi daidai da jiya. Mutane da dama sun cika tanki da murjanin Acropora, wanda ake ganin ya fi kowanne tsirfa, a ƙarƙashin fitilun da masu kuɗi ke yi wa kallon raini.

Dalilin arahar ma ba ɓoyayye ba ne. Sai a 1993 Shuji Nakamura, yana aiki da kamfanin Nichia na Japan, ya fito da ƙwayar LED shuɗiya mai haske sosai, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Daga nan zuwa yau ana buga irin wannan ƙwaya da ɗimbin yawa a masana'antu, kuma shuɗin nan shi ne ainihin abin da murjani ya fi buƙata. Farar ƙwayar LED ma shuɗiya ce aka lulluɓe da wani sinadari mai mayar da sashen haskenta rawaya.

To me mai sayen fitilu masu tsada irin su Radion ko Kessil ko AI Hydra yake biya wa? Yana biyan launuka da suka gauraya sumul, da haske mai bazuwa daidai, da manhajar waya, da fankar da ba ta damun kowa, da garanti da kayan gyara. Duk abubuwa ne masu amfani. Amma yawancinsu jin daɗin mai tanki ne, ba na murjani ba.

Inda karin maganar ta yi gaskiya shi ne a kan siraran fitilun da aka yi don tankin kifi zalla, waɗanda ake liƙa wa ƙwayoyi shuɗaye biyu ko uku a rubuta musu “na ruwan teku”. Waɗannan suna haska kifi ne kawai. Ba su da ƙarfin tura haske zuwa ƙasan tanki.

Waɗanne iri ne ake samu a cikin masu arahar?

Kusan iri uku. Akwai wadda masu kiwo ke kira baƙin akwati: akwatin ƙarfe mai fanka, da ƙwayoyi jere reras, da layi biyu, na shuɗi da na fari. Viparspectra da Mars Aqua na cikin sunayen da aka fi sani a wannan layi. Akwai dogayen sanduna da ake jerawa biyu ko uku ko huɗu a tsawon tanki. Sai kuma ƙananan fitilu masu wuyan lanƙwasa da ake maƙalawa a bakin gilashi, waɗanda suka dace da ɗan ƙaramin tanki kawai.

Ni dai idan tankin dogo ne ba zurfi, sanduna nake zaɓa, domin haskensu ba ya taruwa wuri guda. Idan zurfinsa ya kai santimita 60, baƙin akwati ya fi tura haske ƙasa.

An rubuta wat 165 a kwali. Wutar da take ci ke nan?

A'a. Lissafin kwali ne: ƙwaya 55, kowacce an ce tana iya ɗaukar wat 3, sai aka ninka. Amma ba a tura musu wuta har iyakarsu, kuma gara haka, don da an tura da sun ƙone da wuri. Idan ka jona irin wannan fitila a mitar da ake saƙalawa a soket, sau da yawa za ka ga kusan wat 100 ne ko ɗan sama da haka, ko da ka ƙure duka layukan biyu.

Da wannan adadin na gaskiya ake yin lissafin wuta. Wat 100 na awa 10 kilowat-awa ɗaya ke nan a rana, 30 a wata. Kuma da wuya ka taɓa ƙure ta. Kwatanta da tsofaffin fitilun metal halide masu wat 250 ko 400, waɗanda ke dafa ruwan tanki har sai an nemo na'urar sanyaya shi.

Wat dai ma'aunin wutar da fitila ke ci ne, ba na hasken da ke sauka a kan murjani ba. Tsohuwar ƙa'idar nan ta wat kaza ga lita kaza ba ta aiki a kan LED.

To da me ake auna hasken? Kullum ina jin ana cewa PAR.

PAR shi ne hasken da tsirrai da zuzanteli ke iya haɗa abinci da shi, wato wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, daga shunayya zuwa ja. Idan mai kiwo ya ce “PAR ɗina 200 ne a kan wannan dutse”, yana nufin maikromol 200 na ƙwayoyin haske ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin kowace daƙiƙa. Don a samu abin kwatance, rana tsaka a sararin sama tarwai tana ba da kusan 2,000 a saman ruwa.

Lumen kuwa, wanda ake rubutawa a jikin ƙwan ɗaki, da ɗan'uwansa luks, an gina su ne a kan idon ɗan Adam. Idonmu ya fi jin kore mai ɗan rawaya, wajen nanomita 555, shuɗi mai duhu kuwa kaɗan yake kamawa. A nan ne matsalar take, kuma duk wanda ya fahimce ta ya tsallake rabin kura-kuran wannan harka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A gaban shuɗin LED wannan magana ta faɗi. Tanki zai yi maka kamar almuru, duhu-duhu, ka ji kamar ka ƙara murɗawa, alhali murjanin da ke ciki yana shan haske kamar na tsakar rana. Sau da yawa murjanin da ke mutuwa a ƙarƙashin fitila mai araha ba ƙarancin haske ne ke kashe shi ba. Yawansa ne.

PAR nawa kowane iri yake so?

Adadin da masu kiwo suka saba aiki da shi ke nan, kuma iyakokin ba na ƙarfe ba ne:

Masu taushi marasa ƙashi, irin su Zoanthus, Discosoma, Xenia da Sarcophyton: wajen 50 zuwa 150.

Masu ƙashi da manyan bakuna masu tsoka, waɗanda ake kira LPS, irin su Euphyllia da Trachyphyllia: wajen 75 zuwa 150.

Masu ƙashi da ƙananan bakuna, wato SPS, irin su Montipora, Stylophora da Acropora: 200 zuwa 350, Acropora a can sama.

Idan tankinka gauraye ne, ba sai ka nemi adadi ɗaya ga kowa ba. Haske na raguwa da zurfi, saboda haka tsarin duwatsunka shi ne zai raba gardama: masu son haske a saman dutse, masu tsoka a tsakiya ko a kan yashi, Discosoma kuwa ko a gefen inuwa zai yi ta haihuwa har ya ishe ka.

Ba ni da mitar PAR, kuma ta fi fitilar tawa tsada. Yaya zan yi?

Ba sai ka mallake ta ba. Aikin yini ɗaya ne. Ka ara ko ka yi haya, ko ku haɗa kuɗi da wasu masu kiwo ku sayi guda. Apogee MQ-510 na cikin waɗanda aka yi musamman don aunawa a cikin ruwa. Ranar da ta shigo hannunka, ka zana tankin a takarda, ka auna wuri tara ko goma sha biyu: saman duwatsu, tsakiya, yashi, kusurwoyi, da daidai ƙarƙashin fitila. Ka maimaita a kashi 30, da 50, da 70 cikin 100 na ƙarfinta. Ka bar famfunan a kunne, tunda haka tankin yake rayuwa. Adadin zai riƙa rawa, sai ka ɗauki na tsakiya. Wannan takarda za ta yi maka amfani na shekaru.

Idan mitar ta gagara, manhajar luks ta waya ba za ta maye gurbinta ba, don shuɗi take rainawa kamar yadda ido ke yi. Abin da ya rage shi ne ka nemo awon da wasu suka yi da irin fitilarka a tsayi da zurfi irin naka, ka fara ƙasa da nasu, sannan ka bar murjanin ya zame maka mita.

Me ya sa kowane tankin murjani shuɗi ne?

Dalili uku ne suka haɗu. Ruwan teku jan haske yake fara shanyewa. Kafin a kai zurfin mita 10 ja ya kusa ƙarewa, shuɗi ne ke ci gaba da nutsewa, kuma a cikinsa murjani ya saba rayuwa. Na biyu, sinadaran da zuzanteli ke kama haske da su sun fi zuƙa a tsakanin nanomita 430 zuwa 470, ga kuma wani mai suna feridinin da ke miƙa musu hannu har cikin kore. Ƙwayar da ake kira royal blue tana wajen 450, wato a tsakiyar abin da ake nema. Na uku na ido ne. Jikin murjani da yawa yana ɗauke da furotin da ke shan shuɗi ya mayar da shi kore ko lemo ko ja mai walƙiya. A ƙarƙashin farin haske wannan walƙiya tana dushewa, murjanin da ka gani a hoto yana ci kamar wuta ya koma ruwan ƙasa.

Lambar K da ake rubutawa, kamar 10,000K ko 20,000K, bayanin yadda launin yake ne a ido: ƙaramar lamba fari mai rawaya, babba shuɗi. Fitilar tsirran ruwan daɗi takan tsaya wajen 6,500K. Ba ta faɗin komai game da ƙarfi.

Yaya zan raba tsakanin layin shuɗi da na fari? Jajaye da korayen ƙwayoyin nan fa?

Shuɗi shi ne abinci, fari don idonka ne, ko da yake shi ma yana ƙara PAR sosai. A baƙin akwati, mutane da yawa na barin fari ƙasa ƙwarai, kashi 5 zuwa 20, shuɗi kuma ninki biyu ko uku na haka ko fiye. Ka ɗaga farin daidai inda kifi zai fito da launinsa, yashi ya daina yi maka kamar an zuba masa shuni, ka tsaya nan.

Ƙwayoyin ja da kore, biyu ko huɗu da ake cusawa don a rubuta cikakken haske a kwali, ba su da wani babban aiki. Farar ƙwaya ta riga ta ƙunshi ja da kore. Abin da suka fi yi shi ne zuba ɗigo-ɗigon launi a kan yashi suna rawa da motsin ruwa, abin da ke gajiyar da ido. Wasu kan rufe su da ɗan baƙin tef mai jure zafi.

Waɗanda ake rubuta wa UV kuwa yawanci shunayya ne, wajen nanomita 395 zuwa 420. Suna da amfani, suna fito da walƙiya. Kada dai ka ƙura musu ido, kada kuma ka bar yara su leƙa fitilar daga ƙasa.

A wane tsayi zan rataye ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mai baƙin akwati, kuma ita aka fi sakaci da ita. Kowace ƙwaya a cikinsa tana sanye da ɗan gilashin tattara haske, galibi mai kusurwar digiri 90. Idan fitilar ta matso kusa da ruwa, hasken duka yana dunƙulewa a tsakiya: daidai ƙarƙashinta wuta, ɗan taku kaɗan gefe kuma duhu. Murjanin tsakiya ya ƙone, na kusurwa ya ji yunwa, a tanki ɗaya, a rana ɗaya. Mai tankin kuma ya rasa gane ko ƙarawa zai yi ko ragewa.

Maganin farko ɗagawa ne. Santimita 30 zuwa 40 daga saman ruwa wuri ne mai kyau na farawa. Tsayi yana rage zafin tsakiyar, yana faɗaɗa da'irar, yana ba launuka damar gauraya kafin su taɓa ruwa, yana kuma nisanta fitilar daga feshin gishiri. Abin da za ka biya shi ne haske zai malalo cikin ɗaki ya riƙa dukan idon wanda ke zaune, sai ka yi mata ɗan shinge a gefe, ba tare da ka toshe hanyar iska ba.

Magani na biyu cire gilasan tattarawar. Ƙwayar da ba gilashi tana baza haske wajen digiri 120. Bazuwa ta gyaru, ɗigon launuka ya ragu, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya sauka, kuma buɗe fitila yakan soke garanti. A tankin da zurfinsa bai wuce santimita 45 ba, cinikin ya yi riba. A mai zurfi, a bar su. Na uku shi ne sanya farantin roba mai dishi-dishi a ƙarƙashinta, ɗan nesa da ƙwayoyin. Yana cin wani sashe na hasken, amma dama fitilar tana da rara.

Fitila nawa tankina yake buƙata?

Baƙin akwati ɗaya yana rufe kusan santimita 60 a tsawo da 60 a faɗi. Tanki mai santimita 120 biyu yake so. Kada ka yarda da faɗin da aka zana a kwali, wanda yawanci ya haɗa har da gefen da haske ya riga ya mutu.

Kuma biyu a rabin ƙarfi sun fi ɗaya a ƙure. Murjani mai rassa yana yi wa kansa inuwa. Idan haske daga wuri ɗaya yake zuwa, ƙasan rassan yakan koɗe ya mutu bayan ya girma. Haske daga kusurwa biyu yana shiga lungunan. Ga shi fitilar da ba a ƙure ba ba ta zafi, ta fi daɗewa. A nan ne arahar ke nuna amfaninta na gaske.

Na kawo sabuwar fitila. A nawa zan fara?

Ƙasa da abin da zuciyarka ke raya maka. Murjani yana daidaita yawan zuzantelinsa da sinadaran kariyarsa da hasken da ya saba, kuma wannan canji makonni yake ɗauka. Wanda ya fito daga ƙarƙashin tsohuwar fitila da ta dushe, ko daga kwalin jigila mai duhu, aka jefa shi ƙarƙashin sabuwar LED a ƙure, kamar mutumin da ya kwana uku a ɗaki mai duhu ne aka fito da shi tsakar rana. Bambancin shi ne murjani ba shi da hannun kare fuska, ba shi da ƙafar komawa inuwa.

Ka fara da shuɗi wajen kashi 30, fari can ƙasa. Ka riƙa ƙara kashi 5 a mako, kana kallo. Ranar da ka ga wani ya fara koɗewa ko ya ƙi buɗewa, ka koma matakin baya ka zauna a can mako biyu. Idan fitilar ba ta da abin ragewa, ka ɗaga ta sama sosai ka riƙa saukowa da kaɗan-kaɗan, ko ka shimfiɗa ragar sauro ta roba ninki uku a saman tanki kana cire ɗaya duk mako.

Sabon murjani kuma, ko fitilar ta daɗe, a kan yashi ake fara ajiye shi, sannan a hau da shi dutse mataki-mataki.

Na taɓa rasa wani Montipora ja da na yi shekara ina lallaɓawa, don kawai baƙi za su zo na ga tankin ya yi mini duhu, na murɗa fari sama, na manta ban mayar ba. Garin neman ƙiba aka samo rama. Kafin mako ya zagayo samansa ya yi fari fat.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: sanya sabon gawayin tace ruwa a tankin da ruwansa ya yi rawaya yana wanke ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, haske ya ƙara ratsawa ba tare da ka taɓa fitila ba. Haka ma goge murfin gilashi da gishiri ya daɗe a kai.

Awa nawa a rana?

Takwas zuwa goma na cikakken haske. Idan kana so ka ƙara awa ɗaya na shuɗi zalla kafin da bayan haka, babu laifi. Abin da ke shiga lissafi shi ne jimillar hasken yini, wato ƙarfi sau tsawon lokaci, saboda haka awa 14 a matsakaicin ƙarfi na iya yin ɓarnar da awa 8 a babban ƙarfi zai yi.

Da dare a kashe. Ɗan hasken wata da wasu fitilu ke da shi yakan fi na wata na gaske ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kifi da murjani suna buƙatar duhu. Awa ɗaya don kallo ya isa.

Tawa ba ta da agogo, ba ta da manhaja.

Agogon soket mai kunnawa da kashewa ya wadatar. Baƙin akwati da yawa na zuwa da fulogi biyu, ɗaya ga kowane layi, sai ka sa agogo biyu: shuɗi ya riga kunnuwa, ya kuma yi ƙarshen mutuwa. Fitowar rana a hankali, gilmawar gajimare, walƙiyar hadari, duk wasan mai tanki ne. Har ma nakan ce rashin manhaja alheri ne ga sabon shiga, domin wanda ke da ita a aljihu ba ya barin murjani ya saba da komai. Kullum cikin gyara yake.

Ta yaya zan gane haske ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

Idan ya yi yawa: launi yana koɗewa daga ɓangaren da ke fuskantar fitila, ƙasan kuma yana nan da launinsa. Masu tsoka suna tsukewa su manne da ƙashi da rana, su saki jiki da yamma. Zoanthus ya ƙi buɗewa, Discosoma ya ƙanƙance ko ya saki dutse ya bi ruwa. Idan abin ya ci gaba, murjanin ya kori zuzantelinsa ya yi fari. Fari ba mutuwa ba ce tukuna. Muddin akwai nama a kan ƙashin, a mayar da shi inuwa, a riƙa ba shi abinci, yana iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni.

Idan ya yi kaɗan: launi yana komawa ruwan ƙasa, domin murjanin ya tara zuzanteli da yawa don kama ɗan abin da ke akwai. Zoanthus yana miƙa wuya sama, girma yana tsayawa. Wannan a hankali yake zuwa, kuma gyaransa sauƙi ne. Shi ya sa kuskure ta ɓangaren ƙasa ya fi sauƙin ɗauka.

Sai dai kafin ka ɗora wa fitila laifi, ka gwada ruwan. Zafin da ya haura digiri 24 zuwa 27 na Salsiyos da aka saba riƙewa yana sa murjani ya yi fari. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, idan yana hawa da sauka yana ƙona kan rassan SPS. Naitret da fosfet, wato takin da ke taruwa a ruwan, idan suka yi yawa suna mayar da murjani ruwan ƙasa, idan kuma suka ƙare ƙaf sai ya koɗe ko a hasken da ya saba. Ruwan da ba ya motsi sosai ma yana rage yawan hasken da murjani zai iya jurewa. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Tunda na sa fitilar gansakuka ta rufe mini duwatsu. Laifin arahar ne?

Ba laifinta ba ne. Gansakuka na buƙatar haske da taki, kuma takin yana cikin ruwan tun kafin fitilar ta zo. Sabon tanki ma dole ya bi ta wannan mataki na muni, ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa da farko, kore daga baya. Rage layin fari da taƙaita awanni na rage mata gudu, amma maganin yana wurin rage abincin da ake zubawa, amfani da tataccen ruwa, canjin ruwa, da dodon koɗi masu kiwo a kan duwatsu.

Me ke kashe irin waɗannan fitilun?

Gishiri da zafi. Ana rubuta wa LED awa 50,000, wanda a awa 10 kullum ya haura shekara 13, amma wannan lissafin ƙwaya ce da ke cikin sanyi, kuma ma'anarsa lokacin da haskenta zai sauka zuwa kashi 70, ba ranar mutuwarta ba. A zahiri fanka ce ke fara tafiya, ko na'urar da ke daidaita wa ƙwayoyin wuta. Fanka ta tsaya, zafi ya taru, ƙwayoyi su dushe ko su ƙone, shunayya kan gaba. Kuma da yake a jere ake ɗaure su, ƙwaya ɗaya ta mutu tana iya tafiya da layinta duka.

Duk wata ka cire fulogi, ka goge gilashin ƙasa da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi, ka busa ƙurar da ke ramukan iska. Ka saurari fanka. Idan ta fara gurnani, canza ta abu ne mai sauƙi, galibi irin ta kwamfuta ce. Kada ka kulle fitilar cikin murfin katako da ba mafitar iska, inda tururin gishiri zai riƙa bi ta cikinta.

Wannan ma dalili ne na sake auna PAR duk shekara. Dushewa a hankali take zuwa, ido ba ya kama ta.

Akwai haɗari ga mutum?

Akwai, kuma a nan ba a neman araha. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan daɗi nesa, ga hannunka kullum a ciki. Fitila mai fanka a buɗe take, ba ta da kariyar ruwa. Wadda aka rubuta wa IP65 tana jure feshi, amma ba a yi ta don nutsewa ba. Ka jona kayan tanki ta na'urar yanke wuta da ake kira RCD ko GFCI. Ka tabbata jikin ƙarfen yana haɗe da wayar ƙasa. Kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya zube a ƙasa. Ka kuma duba ƙugiyoyi da wayoyin ratayewa lokaci-lokaci, domin tsatsa na cin su a ɓoye. Idan fitila ta faɗa ruwa, wurin fulogi za ka nufa, ba wurin tanki ba.

Ana haɗa ta da T5?

Ana yi, kuma haɗi ne mai kyau. Dogon ƙwan T5, wato siririn ƙwan fulorasen, yana ba da haske mai laushi ta ko'ina, yana cike inuwar da LED ke bari, LED kuma ta kawo walwalin da ke rawa a kan yashi. Sai dai ƙwan T5 ana canza shi kusan duk shekara. Sandunan LED shuɗaye guda biyu, gaba da baya, suna yin kusan wannan aikin ba tare da wannan ɗawainiya ba.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Fitila ce ƙarshen abin damuwa. Murjani na jure kwana biyu ko uku na duhu, a teku ma ana yin hadari. Rashin motsin ruwa da rashin iskar shaƙa su ne ke kashe tanki cikin awanni, saboda haka duk batirin da kake da shi famfo za ka ba. Idan duhun ya kai kwanaki, ka dawo da hasken a rage, ka hau a hankali. Ka kuma duba agogon soket, don irin mai juyawa yakan tsaya tare da wutar, ya dawo yana kunna maka rana da tsakar dare.

In sayi fitilar babban kamfani ta hannu, ko sabuwa mai araha?

Ya danganta da abin da ka gani da idonka. Ka sa a kunna kowane layi shi kaɗai, a mafi ƙarancin ƙarfi, ka ƙirga ƙwayoyin ta cikin farar takarda. Ka duba ko gilasan da ke kan shunayya sun yi rawaya ko sun ƙone, ko akwai farin gishiri a ramukan iska da tsatsa a kan kusoshi. Ka tambaya ko manhajarta har yanzu tana aiki da wayoyin yanzu, domin fitilar da sai da manhaja ake sarrafa ta, ranar da aka daina sabunta manhajar ta zama kurma. Idan mai ita ya ce a ƙure ya riƙa amfani da ita shekara biyar, sabuwa mai araha ta fi.

Me ya sa hotunan tankina ke fitowa shuɗi zalla?

Kyamarar waya ce shuɗin ke rikitawa, ba fitilar ba. Ana sayar da ɗan gilashi ruwan lemo ko rawaya da ake maƙalawa a kan kyamarar, yana tace shuɗin launuka su fito. Ka kashe famfo na minti biyu ruwan ya kwanta, ka ɗauka daga sama ko daidai saitin gilashi, ba a karkace ba. Kuma ka riƙa ɗaukar kowane murjani daga wuri ɗaya, a awa ɗaya, duk farkon wata, kana rubuta kashin da shuɗi da fari suke a ranar a ƙarƙashin hoton.